Yadda ake kafa ajin matasa a unguwa, daga gaisuwar mai unguwa zuwa miƙa yaro ga maigidan sana'a

Tun da muka yaye rukuni na uku na matasan unguwarmu a nan cikin birnin Katsina, wayata ba ta huta ba. Wani ya kira daga Ƙofar Marusa, wani daga Daura, wata malamar Islamiyya ta aiko da saƙon murya har sau biyu. Tambayar dai guda ce: ta ina ake farawa, kuma nawa ake kashewa? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ya sa na zauna na jera abin daki-daki.

Ajin na mako goma ne, zama biyu a mako, matasa talatin 'yan shekara 16 zuwa 25. Ana koya musu riƙon kuɗi, iya magana da na gaba, mallakar takardun shaida, da sanin haƙƙi da nauyin da ke kan ɗan ƙasa. A ƙarshe a miƙa kowa ga maigidan sana'a. Darussan ba su ba mu wuya ba kamar samun gurgu da kurma da 'ya mace da almajiri da ɗan baƙo su shigo, kuma su zauna har a kammala. Wannan tun a matakan farko ake shirya shi, don haka a bi jerin yadda yake.

1. Haɗa mutum huɗu, sannan ku tafi gaisuwa

Kada ka fara kai kaɗai. Ka nemi mace babba wadda iyaye suka yarda da ita, malamar Islamiyya ko ma'aikaciyar asibiti. Ka nemi mai buƙata ta musamman guda wanda zai zauna a kwamiti ana shawara da shi, ba wai ranar ɗaukar hoto kawai a kira shi ba. Sai mai riƙe kuɗi, wanda ba ɗan'uwanka ba ne kuma ba surukinka ba.

Ku huɗun ku sayi goro ku fara da mai unguwa. Shi zai kai ku wurin magaji ko dagaci in abin ya kai can. Da muka je wurin namu, bayan an gaisa na ce, "Ranka ya daɗe, izini da albarka muka zo nema. Yaranka muke so mu riƙa tarawa muna koya musu zaman duniya." Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "Wane ɗan siyasar ne ya aiko ku?" Ka shirya wa wannan tambayar, don ko'ina za ka sha ta.

Daga nan sai liman. In akwai Kiristoci a yankinku, ku je wurin fasto. Sannan sarkin makafi da sarkin guragu: su suka san gidan da aka ɓoye yaro a ɗaki shekara da shekaru.

Hattara: kada ku karɓi kyalle ko riga mai hoton ɗan takara, ko da zai biya kuɗin ajin baki ɗaya. Ranar da aka ce ajin na jam'iyya kaza ne, rabin iyaye za su janye 'ya'yansu. Rajistar ƙungiya a ƙaramar hukuma ta isa a farko. Ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, sai kun ga abin ya kama ƙasa.

2. Zaɓi wurin da kowa zai shiga da kansa

A nan muka tafka kuskurenmu na farko. Wata makaranta ta ba mu aro ɗaki mai fanka da tayil, amma a saman bene. Wani yaro ya zo a keken guragu, abokansa biyu suka ciccibe shi sama, ana dariya yana dariya. Bai sake dawowa ba. Da na bi shi gida na tambaya, ya ce, "Malam, in fitsari ya kama ni wa zan kira ya sauko da ni?"

Ka nemi aji na ƙasa a firamaren unguwa. Ka fara da shugaban makarantar, shi zai gaya maka ko sai an rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Kafin ka amsa, ka je da abokin kwamitinka mai keke ya gwada shiga da kansa. In akwai dakali, kafinta ya yi gangara da katako mai kauri. Lissafin shi ne kowane inci ɗaya na tudun dakalin yana buƙatar ƙafa ɗaya ta gangara, wato dakali mai inci shida, gangara ƙafa shida. In ta gaza haka tsayi, keken zai riƙa komawa baya. Faɗin ƙofa ya kai kusan ƙafa uku.

Ka leƙa ban ɗaki da idonka, kada ka yarda da "akwai". Na mata ya zama daban, mai ƙyaure da sakata. Ɗakin ya zama mai haske, don kurma da fuska da hannun mai magana yake ji.

Hattara: harabar masallaci ko zauren wani attajiri sun fi sauƙin samu, amma akwai waɗanda ba za su iya shiga ba, akwai kuma waɗanda za su shiga suna ɗari-ɗari. Makarantar gwamnati ta kowa ce.

3. Tsayar da rana da lokaci

Mu Alhamis bayan La'asar muke yi, da Asabar da hantsi. Alhamis makarantun allo na hutu, almajiri zai samu zuwa ba tare da ya saɓa wa malaminsa ba. Lahadi da safe ta fita, saboda masu zuwa coci. Wanda ke ɓangaren Daura kuma ya san Lahadi ta kasuwar Mai'aduwa ce, yaran da ke dako ko tallan ruwa ba za su bar ta ba. Kowa ya duba ranar kasuwar da ke ci kusa da shi.

Zaman yamma a tashi rabin awa kafin Magariba. Yarinya ta shiga gida bayan an kira salla sau ɗaya, to kun rasa ta, kun rasa ƙawayenta.

4. Ɗaukar ɗalibai

In ka sa sanarwa a WhatsApp kawai, samarin da suka gama sakandare suke da babbar waya su za su cika ɗakin cikin awa guda. Don haka ka raba kujerun tun kafin sanarwa. Namu rabon: mata ba su gaza 12 ba, masu buƙata ta musamman 5, manyan almajirai 4, sai 4 na baƙin da ke zaune cikinmu, ko 'ya'yan Yarbawa da Ibo da aka haifa a nan, ko waɗanda rashin tsaro ya koro daga wajen Batsari da Jibiya da Safana. Wani zai faɗa gida biyu, ba laifi. Sauran kujerun na wanda ya riga zuwa.

Waɗannan kujerun da aka ware ba sa cika da kansu, sai an bi gida-gida. Maganar 'yan mata Hajiyar kwamiti za ta shiga ciki ta yi da uwa, kai kuma ka tsaya a zaure da uba. Abin da iyaye maza ke tambaya bai wuce uku ba: wa zai koyar, yaushe za a tashi, kuma za a cakuɗa su da maza? Ka amsa kai tsaye, ka ce ƙofa a buɗe take ya zo ya zauna ya gani. Almajiri kuwa ta hannun alarammansa za ka bi.

In za ka ɗauki kurma, ka nemi mai fassara da maganar hannu tun yanzu. Ka tambayi ƙungiyar kurame ta garinku, da waɗanda suka yi makarantar kurame ta Malumfashi, za su nuna maka wanda ya iya. Kada ka ɗauki yaro ka zaunar da shi mako goma yana kallon leɓe.

Rajista da baki za a yi, kai ka rubuta. Kada ka nemi hoton fasfo ko takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Duk takardar da ka ƙara, ka kori wani.

Hattara: ka faɗa da babbar murya, sau uku in ta kama, cewa ba a raba kuɗi, ba a raba keken ɗinki. Kalmar "tallafi" kada ta fito daga bakinka. A rukuninmu na farko mutum tara suka watse a mako na biyu da suka gane babu ambulan ɗin kuɗi.

5. Kuɗin da za a kashe

Ga yadda namu na baya-bayan nan ya kama. Farashi na motsi, ka sake tambaya a kasuwa kafin ka rubuta naka. Littafi da biro na mutum talatin, Naira 12,000. Alli da kwali da maka, 8,000. Ruwan leda jaka biyu kowane zama, 18,000. Hoton takardu, 15,000. Ɗan abin taɓawa ranar yaye, 20,000. Gangarar katako, 25,000. Alawus ɗin mai fassara, 2,000 a zama, ya kama 40,000. Kuɗin Keke Napep na mutum biyar masu buƙata ta musamman, zuwa da komawa, 60,000. Jimla 198,000.

Ka lura ukun ƙarshe sun cinye fiye da rabi. Su ne kuma abin da ake fara yankewa in aljihu ya yi sanyi. Kada ka taɓa su. In dole ne a rage, a soke walimar yaye, a sha ruwan randa.

Mu daga 'yan kasuwar unguwa da ma'aikata muka tara, wani dubu biyar, wani goma. Duk ƙarshen wata ma'aji ya karanta shiga da fita a gaban ɗalibai. Wannan karantawar ma darasi ce.

6. Ranar farko: su kafa dokokinsu

Kada ka zo da dokoki a rubuce. Ka tambaye su me zai sa mutum ya ji kunya ya daina zuwa, su faɗa, ka rubuta a kwali, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Abin da ba ya taɓa fita a ciki shi ne kiran mutum da sunansa. Babu "kai Kurma", babu "ke Gurguwa", babu arne, babu baƙauye.

Wani zai ce ai wasa ne. Sai ka tuna masa wasan Bakatsine da Banufe, ko na Bafulatani da Babarbare: kowa na da abin ramawa, a yi dariya a tashi. Wanda ka yi wa ba'a da ƙafarsa da me zai rama?

Zama kuwa, mata gefe guda, maza gefe guda, amma a jere kafaɗa ɗaya daga gaba zuwa baya. In aka tura mata ƙuryar baya, ba za ka ji muryarsu ba har a yaye. Kurame a layin gaba, mai fassara kusa da allo. Duk abin da ka rubuta ka karanta shi a fili saboda makaho da wanda bai yi boko ba, kuma ka daina cewa "wannan da wancan" kana nuni da alli. Wanda ya iya ajami ya rubuta da ajami.

7. Mako na 2 zuwa na 5: dabarun rayuwa

Dokar da muke bi ita ce kowane zama ya ƙare da wani abu a hannun yaro, ko kati, ko shafin lissafi, ko wasiƙa. In ya tashi da surutu kawai, an yi asarar ruwan leda.

Ka fara da takardun shaida, don su ne ke cin lokaci. Kowa ya zo da duk takardar da ke ɗauke da sunansa, a baje a tebur. A nan za ka ga abin mamaki. Yaro ɗaya Muhammadu ne a takardar firamare, Mohammed a banki, Muhammad a katin ɗan ƙasa, kuma ranar haihuwarsa uku. Wannan saɓanin ne ke hana mutum rajistar JAMB, wadda ba a yi sai da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ya kuma maƙale masa kuɗi a banki. Kowa ya tsayar da rubutun suna guda da jerinsa guda, ya rubuta a bangon littafinsa. Wanda ba shi da NIN, ku tafi ofishin hukumar NIMC a ƙungiya: rajistar farko kyauta ce, gyara ne ake biya. Wanda ya manta lambarsa ya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi, ta BVN, wato lambar tantancewa ta banki, kuma *565*0#.

Hattara: kada kwamiti ya tara lambobin NIN ko BVN na ɗalibai a littafi ko a waya. Ka kuma ja musu kunne: ba a ba kowa lambar sirri ta kati ko lambar da banki ya turo, ko da ya ce daga gwamnati yake. Ba a ba aboki aron asusu a turo masa kuɗi. In kuɗin na fansa ne ko na damfara, mai asusun za a fara kamawa.

Sai kuɗi. Shafi a raba biyu, shiga da fita, a rubuta har Naira hamsin ta ƙosai, mako biyu cur. Wata yarinya mai awara ta rantse tana samun riba kullum. Da muka jera waken suya da niƙa da mai da itace da yaji da leda, muka cire, sai ta ga abin da take kai wa adashi daga uwar kuɗin yake fita. Ta riƙe baki ta ce, "Malam, ashe jarin nake ci." Ba ta daina awara ba, ta rage girman yanka, ta daina ba ƙannenta bashi. A wannan zaman ake maganar cacar ƙwallo da manhajojin rance na waya, waɗanda in ka makara suke bin lambobin mutanenka suna tozarta ka.

Magana da mutane ba a koyar da ita da lacca, wasan kwaikwayo ake yi. Wani ya zama maigida, wani yaron da ya makara. Wata ta zama mai sayayya da ta dawo da kaya tana faɗa. Wanda ya fi tasiri shi ne na abokin da ke miƙo ƙwaya, ko mai gayyatar shiga ƙauraye, wato 'yan daba, ranar kamfen: yadda za ka ƙi ba tare da an yi faɗa ba. In kun rubuta wa hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da wuri, sukan turo mai wayar da kai.

Zama na ƙarshe a nan, kowa ya rubuta wasiƙar neman koyon sana'a, layi shida sun isa.

8. Mako na 6 zuwa na 8: darasin ɗan ƙasa

Kada ka fara da haddar sassan tsarin mulki, barci za su yi. Ka fara da kwatar da ta toshe a bayan makarantar: wa za a kai wa kuka? Daga nan a zana tsani. Jihar Katsina na da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kowace mazaɓa da kansilanta. Akwai 'yan majalisar jiha 34, 'yan majalisar wakilai 15, sanatoci 3. Aikin gida: kowa ya dawo da sunan kansilansa da ɗan majalisarsa na jiha. Za ka tarar sun san 'yan wasan Ingila goma sha ɗaya, ba su san mutum biyun nan ba.

Sannan aji ya rubuta takardar koke guda kan matsala guda, kwafi biyu. Mutum huɗu su kai sakatariyar ƙaramar hukuma, cikinsu da mace da mai keke, a buga musu hatimin karɓa a kwafinsu. Ko ba a gyara kwatar ba, sun san ƙofar, sun san ana shiga.

Bayan haka ne za a buɗe tsarin mulkin 1999. Sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa. Sashe na 41 ya ba kowa damar zama duk inda ya so a Najeriya, wanda ya shafi Bakatsinen da ke Legas kamar yadda ya shafi ɗan Ibon da ke kusa da shi a benci. Sashe na 24 ya jera nauyin da ke kan ɗan ƙasa, har da mutunta haƙƙin wasu da biyan haraji. Sai dokar hana nuna wariya ga nakasassu da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019: ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, kuma mutumin da ya nuna musu wariya na iya fuskantar tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Wannan darasin abokin kwamitinka mai buƙata ta musamman ya kamata ya ba da shi.

Zaman da ɗaki ke cika shi ne na 'yan sanda. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, wato ba a tafiya da uba don an rasa ɗa. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar gwamnati mai ba da lauya kyauta, akwai kuma hukumar kare haƙƙin ɗan'adam.

Hattara: ka haɗa wannan da ladabi. Saurayin da ya ji sashe na 35 jiya, yau ya tsaya yana ɗaga wa ɗan sanda murya a shingen bincike, kai ka jefa shi. A koya masa ya natsu, ya tambayi laifinsa, ya nemi a kira masa wani nasa. Mu mukan gayyaci jami'i guda da lauya guda rana ɗaya.

A rufe da zaɓe: ɗan shekara 18 ya yi rajista da INEC in an buɗe, kuma tun gyaran 2018 ɗan shekara 25 na iya tsayawa takarar majalisar jiha ko ta wakilai. Ba a ambatar sunan jam'iyya a aji, ko da wasa.

9. Neman iyayen gidan sana'a

Wannan tun mako na uku za ka fara shi, ko da yake miƙawar sai na tara. Ka tambayi kowane ɗalibi sana'a biyu da yake so. Kada ka yanke masa. Mun saba gurgu sai gyaran takalmi, mace sai sabulu da man shafawa, makaho sai igiya. Cikin namu akwai yarinyar da ta ce gyaran waya, da kurman da ya ce walda, da almajirin da ya ce haɗa sola.

Ka je wurin maigida da kanka, lokacin da ba ya cikin aiki. Mai waldar da na fara tunkara ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Malam, ni fa ba gidan marayu na buɗe ba. In ƙarfe zai faɗo masa, ta yaya zan ce ya kauce?" Tambayarsa gaskiya ce, kada ka amsa irinta da wa'azi. Na ce, "Maigida, ba shi sati biyu. In bai yi ba, ni zan zo in ɗauke shi." Muka zauna da mai fassara aka tsayar da alamun hannu guda goma: tsaya, kawo, zafi, kashe wuta, da sauransu. Aka ba yaron wurin aiki inda yake fuskantar kowa, babu mai aiki a bayansa.

Gyaran da ake nema a wurin aiki galibi ƙarami ne. A rage tsayin tebur ko a yanke ƙafar benci. Wanda ba ya iya taka keken ɗinki a sa masa na hannu ko a ɗaura mota. Makaho a shagon POS ko sayar da kati zai iya aiki da wayar da ke karanta rubutu da murya, irin TalkBack da ke cikin wayoyin Android. Ga 'ya mace a tsayar da lokacin tashi da ban ɗakin da za ta shiga. A kuma yi maganar ibada tun farko: yaron da aka kai wurin ɗan Ibo mai kayan gyaran mota a sake shi salla da Juma'a, yarinyar da aka kai wurin tela Bahaushe a bar mata Lahadinta.

In ba a samu maigida a wata sana'a ba, a gwada ƙauyen koyon sana'o'in matasa na jiha da ke Katsina, ko a sa ido kan lokacin da hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, NDE, ke ɗaukar masu koyo.

Hattara: 'yan mata bibbiyu ake kai su shagon da maza ke aiki, ba ɗaya ba. Ka kuma guji maigidan da ya karɓi nakasasshe "don Allah" yana ta nanatawa. Irinsa zai zaunar da yaron a ƙofa yana ba shi sadaka, ba zai taɓa miƙa masa almakashi ba.

10. A rubuta yarjejeniya

Shafi ɗaya, da Hausa, kwafi uku. A rubuta tsawon koyo, lokacin zuwa da tashi, ranar hutu, kuɗin abinci ko na sabulu da za a riƙa ba yaro, abin da za a koya masa a wata uku na farko, da abin da zai faru in ya lalata kaya. A rubuta ƙarara cewa babu duka, babu aiken gida, kuma abin da ake ba sauran yaran shago shi za a ba shi, ba ragi.

Maigida zai ce, "Haba Malam, tsakaninmu har sai da takarda?" Ka ce don mantuwa ce, kuma shi ma ta kare shi ranar da uban yaro zai zo da ƙorafi. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, balle ɗan koyo, saboda haka abin da kuka rubuta shi ne kawai abin riƙon yaron.

Maigida ya sa hannu, yaro ya sa, uba ko alaramma ya sa in yaron bai kai 18 ba, mai unguwa ya shaida. A ƙasan takardar a rubuta wanda za a kai wa kuka. Na 'yan mata Hajiyar kwamiti ce, kuma su san za su iya zuwa gidanta ba sai sun bi ta kanka ba.

11. Bibiya

Ka leƙa a makon farko, ka koma a na biyu, daga nan wata-wata har wata shida. Kada ka sanar da zuwanka. In ka shiga, kafin ka gaisa ka dubi abin da ke hannun yaron. In sau uku a jere tsintsiya ka tarar ko kwanon sayo abinci, alhali wanda suka shigo tare yana riƙe da sukundireba, ka ja maigida gefe ku yi magana. In ba a gyara ba zuwa wata na gaba, ka canza masa wuri, kada ka tsaya jin nauyi.

Yaron kuma ka tambaye shi a waje, ba a gaban maigida ba. Kurma ka je masa da mai fassara, kuɗin wannan zuwan ma ka sa shi a lissafi tun farko, don mu mun manta, sai daga aljihu muka cike. Wanda ya daina zuwa, a je gidansu cikin kwana uku. Sau da yawa abin bai wuce kuɗin mota ba, ko wata magana da wani yaron shago ya yaɓa masa.

Ka ajiye littafi guda mai sunan kowa, inda aka kai shi, da ranar da aka leƙa shi. In wata shida ya cika, ka zaɓi huɗu cikin waɗanda suka tsaya, mace biyu namiji biyu, su za su bi gida-gida neman rukuni na gaba. Kurman nan mai walda yana cikin namu na bana, kuma shi ya ƙera mana gangarar ƙarfe da ta maye gurbin ta katakon da gara ta cinye.